Logon da ya fashe tun kafin ya hau allo

Wani abokina ne ya ce in taimaka masa a yi masa allo mai logon sana'arsa, faɗin mita 2. Na ce turo min fayil ɗin, sai ga hoto ta WhatsApp, JPEG, faɗinsa fiksel 500 kacal, wato ɗigo 500, wai ai a waya tas yake fitowa. A waya kam tas yake. Amma raba 500 ɗin nan a kan mita 2 ka gani, kowane ɗigo ya zama milimita 4 kenan, gefen haruffan duk sai ya koma kamar haƙoran zarto.

Shi bitmaf, wato su JPEG da PNG, ɗigo-ɗigon kala ne aka jera, adadinsu ƙayyadadde ne, in ka ja hoton ɗigon ne kawai ke kumbura. Bekta kuwa ba ɗigo yake ajiyewa ba, lissafi ne, layi ya tashi daga nan ya lanƙwasa ya tsaya can, shi ya sa ko a katin kasuwanci ko a jikin bene gefensa na nan sumul. Fayilolin bekta su ne irin su AI, EPS, SVG da CDR na manhajar zane ta CorelDRAW.

Kuma ba maganar kyau kaɗai ba ce fa. Injin yanka sitika da na lesa layi suke bi, wuƙar ba ta san hoto ba, in babu layi a fayil ɗin babu inda za ta bi.

Da na yi masa wannan bayanin sai ya dawo min da PDF yana murna. Ina buɗewa na zuƙo shi, sai ga ɗigon nan dai, ashe JPEG ɗin ya cusa a ciki ya canza masa riga. Na gwada tiresin na otomatik a manhajar Inkscape, wato ta mayar da hoton layi da kanta, da'irar logon ta fito kamar an tauna, dole na zauna na sake zana shi da hannu, ya ci min yamma guda. Haruffan ma sai da na mayar da su layi kafin in tura, don in kwamfutar mai bugawa ba ta da font ɗin, wato salon haruffan, sai ta sa wani daban.

Wanda ya zana masa logon tun farko ashe yana da ainihin CDR ɗin, abokin nawa ne bai taɓa tambayarsa ba. Sai bayan an kafa allon ya turo.