Kasuwannin Kirsimeti a Jirgin Ƙasa: Aikinmu na Hunturu

Ɗan ofishinmu yana birnin Kolon na ƙasar Jamus, ni da maiɗakina ne muke riƙe da shi. Sana'armu shirya wa baƙi tafiya a jirgin ƙasa, kakarmu kuwa daga ƙarshen Nuwamba ce zuwa jajiberin Kirsimeti, lokacin da biranen Turai ke kafa rumfunan katako a dandali. Baƙinmu daga Kano, Abuja, Jos da Yamai suke zuwa. Wasu Kirista ne masu son ganin yadda ake bikin a nan, wasu Musulmi ne da kallo da sayayya suka kawo su. Duk muna karɓarsu hannu bibbiyu.

Sayen tikiti kowa ya iya, yana cikin waya. Abin da muke sayarwa shi ne sanin abin da ke tsakanin jirgi da jirgi. A Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen ƙarfe huɗu da rabi, kasuwa kuma ba ta yin kyau sai an kunna fitilu. Saboda haka da safe muke tafiya, mu isa kafin azahar, a ajiye kaya a masauki, a yi salla, don la'asar da magariba kusa da juna suke a wannan lokacin. Sai duhu ya fara shiga mu fita. Wanda ya ɗora ka a jirgin yamma ya cinye maka kasuwar ranar gaba ɗaya.

Daga Kolon muke farawa, inda kana fitowa daga tasha babbar majami'ar garin ke tsaye a gabanka, kasuwa kuma a gindinta. In za mu gangara kudu akwai layi mai sauri da ke kai mutum Frankfurt cikin kamar awa guda, amma ba kasafai nake bin sa da baƙi ba. Na fi son tsohon layin gaɓar kogin Rhine, ta Koblenz zuwa Mainz. Ya fi daɗewa, amma ga tsofaffin gidajen sarakuna a kan duwatsu, ga dutsen Loreley a ƙetare, ga jiragen ruwa na dako. Kujerun hagu nake kama musu, don a can kogin yake in an nufi kudu. Daga nan sai Strasbourg ta Faransa, mai kasuwa tun 1570, sai Nuremberg ta Jamus, wani lokaci Vienna ta Ostiriya. Mai isasshen lokaci mu kai shi Dresden a gabashin Jamus, wadda kasuwarta ta samo asali tun 1434.

A hannun wata dattijuwa Bajamushiya na koyi aikin nan, lokacin ina ɗalibi a Bon ina ɗan aikin ƙwadago a ofishinta na tafiye-tafiye. Ba ta yarda in taɓa kwamfuta ba sai da na iya karanta jadawalin takarda. Takan ba ni sunan garuruwa biyu ta ce in haɗa su, in na gama ta tambaye ni: in jirgin farko ya makara, ina mutumin nan zai kwana? Ita ta nuna mini cewa akwai jiragen da ake rabawa biyu a hanya, kamar yadda ake yi a tashar garin Hamm, rabi ya nufi nan rabi ya nufi can, don haka lambar tarago ba abin wasa ba ce. Ita ta koya mini cewa wajen tsakiyar Disamba ake sauya jadawalin jiragen Turai, daidai lokacin da kasuwa ta cika. Allah ya saka mata, har gobe da awonta nake aiki.

Shi ya sa raina ke ɓaci da 'yan kwaikwayo. Mutum bai taɓa tsayawa a tasha cikin sanyi ba, ya buɗe shafi a intanet, ya kwashe tsarinmu, ya karya farashi. Sai ya yanka wa iyali tikiti daban-daban, ya bar musu minti biyar na sauya jirgi, ga akwatuna, ga yara, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. In tikiti guda ne ya haɗa tafiyar, jirgi ya makara, ka hau na gaba ba ƙarin kuɗi, kuma dokar Tarayyar Turai ta ce a maido maka kashi 25 cikin ɗari in jinkirin ya kai awa ɗaya, kashi 50 in ya kai biyu. In a rarrabe suke, sau da yawa kuɗinka ya tafi. Ba sa ma gaya wa mutane cewa katin Eurail, na yawo a jiragen ƙasan Turai, ba ya wadatarwa a TGV, jirgin Faransa mai gudu, dole sai an kama kujera daban. Ƙarshenta da daddare mu ake kira mu ceto.

Duk da haka wani zai ce mini, “Haba Alhaji, wancan rabin kuɗinka ya yanka mini.” Nakan ce, “Ranka ya daɗe, araha ba ta ado. Tambaye shi minti nawa ya bar maka na sauya jirgi a tashar Mannheim.”

Sai maganar ciki, wadda maiɗakina ta fi ni ƙwarewa a kai. Abin shan nan mai tururi da kowa ke riƙe da shi, Glühwein, giya ce; Kinderpunsch shi ne marar barasa. Tsiran Nuremberg na alade ne. Burodin Stollen na Dresden yakan zo da zabibin da aka jiƙa a barasa, sai an tambaya. Amma ga soyayyen almon mai sukari, ga gasasshen Maroni, wani ɗan itace mai ɓawo, ga wainar dankalin Kolon, wadda takan tambayi irin man da aka soya ta da shi kafin kowa ya saya. Takan kuma tuna wa Hajiyoyi cewa an karɓi kuɗin jingina a kan kofi: ki mayar a ba ki kuɗinki, ko ki tafi da shi tsaraba.

Mai son zuwa bana ya neme mu tun Satumba. Bizar Schengen, ta shiga ƙasashen nan na Turai, tana cin lokaci, ɗakunan kwana na jirgin dare zuwa Vienna da wuri suke ƙarewa, masaukan kusa da tasha ma haka. Kuma a zo da takalmi mai kaurin ƙasa da safa mai nauyi, don a kasuwannin nan ta ƙafa sanyi ke shiga.