Abin da kwalbar jini ke faɗa kan dajin hanta, da inda take yaudara

Mai dajin hanta ba kasafai yake isowa Birnin Kebbi da wuri ba. Kafin a kawo shi daga Yauri ko Zuru ko Argungu, ciki ya kumbura, ido ya koma ruwan ɗorawa, an kwashe watanni ana ba shi jiƙon shawara. A irin wannan hali gwajin jini yana tabbatar ne kawai da abin da hannun likita ya riga ya taɓo. Inda gwajin ke da daraja shi ne wurin mutumin da ke noman shinkafarsa lafiya ƙalau, alhali yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita. Idan ta haɗu da gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka zuba rumbu da danshi, hatsarin ya ninka.

Gwajin da kowa ya sani shi ne AFP, wani furotin da hantar ɗan tayi ke yi da yawa, ya ragu bayan haihuwa. A jinin baligi mai lafiya bai cika kai nanogiram 10 a kowace mililita ba. Ya haura 20, sai a fara bincike. Ya haura 400 ga kuma ƙari a hoton hanta, zargi ya yi ƙarfi ƙwarai. Darasi na farko da aiki ke koyarwa shi ne kada a sallami mutum don lambarsa ta fito daidai, domin wajen kashi ɗaya cikin uku na dajin hanta ba ya ɗaga AFP ko kaɗan, musamman yana ƙarami, wato daidai lokacin da ake son kama shi.

Lamba mai yawa ma ba hukunci ba ce. Mace mai juna biyu AFP ɗinta kan hau, shi ya sa ake tambayar ranar al'adarta ta ƙarshe kafin a tayar wa iyali hankali. Saurayi kuma a duba marainansa, don akwai ƙarin da ke fitowa a can mai fitar da AFP. Wanda ya fi rikita sababbin ma'aikata shi ne mai cutar B da ta motsa: hanta na gyaran kanta, AFP ya kai 80 ko 150, ALT, sinadarin da ke hawa a jini idan hanta ta ji rauni, shi ma ya yi sama. A nan ana duba su tare. In an fara tenofobir, maganin cutar B, ALT ya sauka, AFP ya bi shi ƙasa, kumburi ne. In ALT ya sauka amma AFP na ci gaba da hawa, akwai abin da ke ɓoye, a nemo shi.

Sauran kurakuran a ɗakin gwaji ake yin su. Wasu na'urori suna ba da sakamakon AFP da ma'aunin IU, wasu da nanogiram, kuma IU 1 daidai yake da nanogiram 1.21. Mutum ya yi gwaji a Birnin Kebbi, ya sake a Sakkwato, a ga bambanci a ce ciwo ya ƙaru, alhali ma'auni ne ya canza. Akwai kuma wani abin mamaki: idan AFP ya yi yawa fiye da kima, yakan cika sinadaran gwajin har na'ura ta nuna ƙaramar lamba. Duk lokacin da hoto ya nuna ƙari ƙato amma lamba ta fito 'yar kaɗan, a tsarma ruwan jinin sau 10 ko 100 a sake aunawa.

Gwaji na biyu, PIVKA-II, yana auna wani gurɓataccen furotin na daskarar da jini da ƙwayoyin daji ke saki, kuma iyakar da aka saba amfani da ita mAU 40 ce a kowace mililita. Yakan kama wasu da AFP ya tsallake. Sai dai duk abin da ya rage bitamin K yana ɗaga shi: shan warfarin (maganin hana jini daskarewa), toshewar hanyar maɗaciya, ko rashin cin abinci na tsawon lokaci. Mai ciwon shawara na toshewar hanyar maɗaciya ya zo da PIVKA-II a sama, wannan bai isa hujja ba. Akwai lissafin GALAD da ke haɗa shi da AFP da AFP-L3 (wani nau'in AFP) da shekaru da jinsi, amma a nan tsada da nisan wurin gwaji sukan sa ya tsaya a takarda.

Sukarin jini ne ba a ba shi haƙƙinsa ba. Tun shekarun 1920 masanin kimiyya Otto Warburg ya nuna ƙwayoyin daji suna zuƙe sukari da haɗama suna mai da shi wani sinadari mai suna laktet. Ƙari babba a hantar da ta gaji yakan sa sukari ya faɗi, majiyyaci ya yi gumi da asuba, ya rikice, a ɗauka gubar hanta ce ta hau kansa, ko 'yan uwa su ce iska ce. Ɗigon jini ɗaya a yatsa ya raba gardama. Amma kwalbar da aka bari a kan tebur ba a raba ruwanta ba tana asarar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na sukarinta kowace awa, kuma a zafin Afrilu na Kebbi abin ya fi haka sauri. Don haka a yi amfani da kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da fuloraid, ko a juya jinin a injin raba ruwan jini cikin awa guda. Kwalbar bilirubin, sinadarin da ke mai da ido ruwan ɗorawa, a kare ta daga haske. Ta INR, gwajin daskarewar jini, mai shuɗin murfi, a cika ta har layi, don rabon jini 9 ne ga sinadari 1. Jinin da aka tsotsa da ƙarfi ta siririyar allura ya fashe, AST ɗinsa, wani sinadarin hanta irin ALT, ƙarya ne.

Masu bincike suna ta auna ɗaruruwan ƙananan sinadaran jiki lokaci guda, kuma an sha ganin sinadaran maɗaciya na hawa yayin da wasu nau'o'in kitse ke sauka a jinin masu dajin hanta. Matsalar ita ce motsewar hanta, wato ƙanƙancewarta saboda tabo, ita kaɗai tana kawo irin wannan sauyi, haka ma abinci da azumi da magunguna. A ganina, duk wanda ya tallata irin wannan gwajin a matsayin mai yanke hukunci yau, ya yi gaggawa.

Gwaje-gwajen yau da kullum su ke faɗin ko majiyyaci zai jure magani. Albumin (furotin da hanta ke yi) da bilirubin da INR, haɗe da ruwan ciki da rikicewar tunani, su ke ba da makin Child-Pugh, mai auna ƙarfin hanta, daga 5 zuwa 15. Mai 5 ko 6 ana iya maganar tiyata, mai 10 zuwa sama kuwa sauƙaƙa masa raɗaɗi ya fi. Lissafin APRI, mai kimanta tabon hanta da AST da filatilet (ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini), yana da arha, amma zazzaɓin cizon sauro na rage filatilet, haka ma tsutsar ruwa mai kumbura saifa a garuruwan bakin kogi irin Yauri. A bar zazzaɓi ya wuce tukuna a lissafa.

Bayan magani, AFP na raguwa da rabi duk kwana 5 zuwa 7. Wanda aka cire wa ƙari yana da 800, ya kamata a ga wajen 50 ko ƙasa bayan wata guda. Ya tsaya a 300, akwai saura. Ya sauka sannan ya fara hawa a gwaji biyu a jere, a koma hoto ko da mutum bai ji komai ba. Wanda AFP ɗinsa bai taɓa hawa ba kafin magani, bin sa da shi ɓata kuɗi ne.

Ga mai motsewar hanta ko mai cutar B da ke cikin hatsari, tsarin shi ne sikanin ciki da AFP duk wata 6. An ga ƙulli da ya kai santimita 1, sai hoton CT ko MRI mai allurar rini, inda dajin hanta ke saurin ɗaukar rinin ya kuma saurin sakinsa. Ƙasa da santimita 1, a sake sikanin bayan wata 3 zuwa 4. Kowane sakamako a rubuta shi a kati ɗaya da kwanan wata da ma'auni da sunan ɗakin gwajin, katin kuma ya zauna a hannun majiyyaci.