Takardar da Kawu bai sa wa hannu ba

Ina shekara ta uku a Bronx, wani yanki na birnin Niyok a Amurka, Kawu ya faɗi. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, a falonsa na shimfiɗa katifa har na samu aiki. Wata asuba ya dawo daga tuƙin tasi, yana cikin alwala buta ta suɓuce masa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta tafi har da bakinsa.

Asibiti ba su wahalar da mu ba, domin tun 2010 dokar jihar Niyok ta ba mace damar yanke shawarar magani idan mijinta ya kasa. A banki muka sha mamaki. Asusun da sunansa kaɗai yake, ga kuɗin haya ya zo. Na raka matarsa Inna, ta fito da takardar aurensu daga cikin leda, ta ɗora a kan tebur da hannu biyu. Matar da ke wurin ta duba, ta tausaya mana, amma ta ce ba za ta iya taɓa ko sisi ba sai da takardar wakilci mai ɗorewa. A bakin ƙofa Inna ta ce, "Ɗana, shekara ashirin ina dafa masa abinci, yau ni ce bare?"

A gida, wa ko ƙane ya tsaya, magana ta ƙare. A nan sai wanda ka rubuta da hannunka tun kana da hankalinka, kuma ɗorewarta ke nan: ko hankalin ya gushe, wakilcin yana nan. Ba wasiyya ba ce, ran da mutum ya rasu ta daina aiki. Tunda Kawu ba zai iya sa hannu ba, sai kotu, a nemi alƙali ya naɗa Inna mai kula da shi. Watanni muka yi, da kuɗin lauya, 'yan'uwa na masallaci suna haɗa mana kuɗin haya.

Da na ce zan yi tawa, wani dattijo ya ce ina yi wa kaina mugun fata. Ban ga haka ba. Mu da ba ma ɗaura aure sai da wakili?

Na yi ta a gaban notari mai buga hatimi, da shaidu biyu, kamar yadda dokar jihar ta tanada tun 2021. Matata na rubuta, ƙanena na bayanta. Kwafi ɗaya na kai banki da kaina, na tsaya har suka shigar da shi a kwamfuta.