Godiya bayan shekara uku ina bin kaska

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Ranar Talatar da ta wuce na tsaya gaban malamai na kare kundin digirina na biyu, kuma Allah ya sa an karɓa. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba, wasu sun kira, wasu sun turo saƙo, wasu sun tako har gida. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan, duk wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Masu tambaya a kan me na yi binciken, amsar ita ce kaska. Eh, kaskar nan dai da ke manne a jikin shanu da raƙuma da karnuka. Shekara uku ke nan ina bin ta daga ruga zuwa kara, daga kara zuwa mayanka. Da yawa in na faɗa musu sai su yi shiru, can su ce, "To Allah ya taimaka." Na san abin da ke ransu, kuma ban ga laifinsu ba, domin kafin in shiga aikin ni ma ban san girmansa ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Baba da Inna take. Baba, ranar da na gaya maka abin da zan karanta ba ka yi dariya ba. Cewa ka yi, "Abin da ke hana saniya ƙiba ai ba ƙaramin abu ba ne, je ka." Kai ka sayar da ragunan da ka turke don kuɗin rajistar shekara ta biyu, kuma sai daga baya na ji a bakin Yaya. Inna, addu'arki ce ta riƙe ni. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon kyautata muku.

Sai Malamina, wanda ya duba aikin tun daga shafin farko. Ba zan kama sunansa ba don na san ba ya so. A makon farko da na je ofishinsa bai tambaye ni komai ba. Buɗe durowa ya yi ya ciro wani tsohon littafi, kwafin hoto da aka ɗinke gida biyu saboda kauri, gefen shafukan duk sun yi baƙi da taɓawar hannu. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ga Hoogstraal nan. Duk abin da ya shige maka duhu, tambaye shi kafin ka tambaye ni." Malam, na gode da wannan amana, na gode da jan birorka da ba ta barin ko waƙafi ya wuce. Allah ya saka da mafificin alheri.

Mai littafin nan nake so in ɗan tsaya a kansa, domin ko da yake ya bar duniya kafin a haife ni, babu ranar da na shiga ɗakin bincike ban ci moriyar guminsa ba, kuma yabon gwani ya zama dole.

Harry Hoogstraal Ba'amurke ne, an haife shi a birnin Shikago ranar 24 ga Fabrairun 1917. Ya yi karatu a Jami'ar Illinois, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya kai shi tsibiran tekun Fasifik a matsayin masanin ƙwari na soja, inda sauro ke kwantar da dakaru. Da aka gama yaƙi ya jagoranci tawagar tattara dabbobi a ƙasar Filifin a 1946 zuwa 1947, daga nan ya shigo Afirka, har Madagaska ya je. Ƙarshe ya yada zango a Alƙahira, a cibiyar binciken lafiya ta sojan ruwan Amurka da ake kira NAMRU-3, ya shugabanci sashen nazarin dabbobi masu yaɗa cuta fiye da shekara talatin. A can ya rasu ranar 24 ga Fabrairun 1986, ranar da ya cika shekara 69 cif.

Littafin da Malam ya ba ni shi ne wanda ya rubuta a kan kaskar ƙasar Sudan, ya fito a 1956, shekarar da Sudan ta sami 'yancin kai. Ya haura shafi 1,000. Sunan Sudan ne a bango, amma abin da ke ciki ya game yawancin Afirka, domin kaska ba ta san iyakar ƙasa ba: irin da ke kan shanun Kordofan da Darfur, yawancinsu su ne a kan bunajinmu da rahajinmu da bokolonmu. Kowane iri ya kawo kamanninsa da zane, da dabbar da yake hawa, da inda aka taɓa samun sa, da wanda ya same shi, da cutar da ake zargin yana ɗauke da ita. Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ya yi wannan aiki bai ma sami digirin dakta ba. Sai a 1959 ya same shi a Landan. Duk ranar da na ji gwiwata ta yi sanyi, ina ganin ni wane ne da zan ce wani abu a fagen ilimi, wannan nake tunawa in koma kan kujera.

Rubuce-rubucensa sun haura 500, halittun da masana suka raɗa wa sunansa don girmamawa sun kai ɗari biyu. Ya kuma zauna shi da abokan aikinsa sun tattara jerin duk abin da aka taɓa rubutawa a kan kaska da cututtukanta tun daga zamanin tsoffin Girkawa, juzu'i bayan juzu'i, a lokacin da babu intanet. Kaskar da ya tara tana nan har yau cikin babbar ma'ajiyar kaska ta Amurka da ke jihar Jojiya.

Akwai wani aikinsa da nake yawan ba ɗalibai ƙanana labari. Shi da mutanensa sun yi shekaru suna duba tsuntsayen da ke ratsa Masar, masu gangarowa Afirka da kaka da masu komawa Turai da bazara, suna buɗe gashin kai da na wuya suna ciro 'ya'yan kaska. Da haka suka nuna cewa ƙaramar kaska tana iya hawa tsuntsu a wata nahiya ta sauka a wata. Tun da na karanta wannan, in na ga tsuntsayen hunturu a fadama kallon da nake musu ya canza.

Ranar da na fara ɗora kaska a ƙarƙashin madubin ƙara girma, littafin yana buɗe a gefena, ba zan manta ba. Namijin Amblyomma variegatum ne da na ciro daga hantsar wata karsana. A ido baƙin ɗigo ne kawai. A madubi sai ga baya mai ado, ruwan lemo da ruwan tagulla da ɗan kore a gefe kamar an yi masa aikin zubi, ƙafafu masu zobe-zobe, dogon baki mai ƙayoyi da suka juya baya, wanda shi ya sa in ta kama ba ta saki. Na ƙirga ƙafafun, takwas. A nan na gane da idona abin da ake faɗa mana a aji, cewa kaska dangin gizo-gizo ce da kunama, ba dangin ƙuda da sauro masu ƙafa shida ba. 'Yarta ce kawai ke fitowa daga ƙwai da shida, sai ta yi saɓa sannan ta cika takwas. Wannan mai adon ita ce ke tafe da kirci a garke, ita ce kuma ke ɗauke da ciwon nan da dabba ke ta kewaye ta faɗi tana shure-shure, in an fede a tarar da ruwa ya taru a jakar zuciya.

Wannan ya kawo ni kan mutanen da in ba su babu kundin. Arɗo, ranka ya daɗe, kai da jama'arka kun karɓe ni ba ku san ni ba. Ba ƙaramin abu ba ne Bafulatani ya bar baƙo ya durƙusa ƙarƙashin saniyarsa da hantsaki a hannu. Samarinku sun riƙa tashi tun asuba suna kama mini shanu kafin a sake su kiwo, wani ya riƙe ƙaho, wani ya ɗaga wutsiya, ni kuma ina bin kunne da hammata da hantsa da tsakanin kofato. Baffa, kai ne ka ce mini in daina ɓata lokaci da safe kawai, in zo da yamma in duba kofato lokacin da suka dawo, domin a nan mai adon ke fara kamawa, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga baya na karanta cewa masu bincike a Burkina Faso sun tabbatar da haka, har suka gina hanyar ratsa da shanu ta cikin ɗan kwarmin ruwan magani da yamma a farkon damina. Kai ba ka karanta ba, a wajen kiwo ka gani. Na rubuta wannan a kundin kuma na faɗa a gaban masu jarrabawa. Inna Wuro, furar da kika riƙa dama mini da kindirmo ba ta da farashi. Allah ya albarkaci garkenku, ya kare ku daga ɓarayi da annoba.

Sarkin Fawa da yaransa, na gode da haƙurin da kuka yi da ni ina tsayar muku da aiki a lokacin da kowa ke sauri. Haka dillalan kara da masu raƙuma, waɗanda suka bar ni na tsinci Hyalomma, kaskar nan mai dogayen ƙafafu da ba ta jiran dabba ta zo, ita ke bin ta da gudu a ƙasa.

Jarrabawa biyu na gamu da su a wannan tafiya. Ta farko a shekarar farko ce. Na rubuta takardun shaidar kwalabe da biro na jefa cikin sifirit tare da kaskar. Da na dawo kansu bayan makonni, tawada ta narke, takardun sun koma fari fat. Aikin damina guda, ban san wace kwalba ce ta wace ruga ba. Na zauna a ƙasan ɗakin na rasa abin da ke mini daɗi. Dattijon da ke kula da ɗakin bincikenmu ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, fensir ake sawa. Tashi, wata daminar na zuwa." Ya ciro fensir daga aljihunsa ya ba ni, yana nan a wurina har yanzu. Baba, Allah ya biya ka.

Ta biyu ta fi tsanani. Kwana kaɗan bayan na cire wata kaska daga ƙwaurina sai zazzaɓi mai zafi ya rufe ni, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Wanda bai san komai ba zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya sha magani. Ni kuwa na riga na karanta dogon nazarin da Hoogstraal ya fitar a 1979 a kan zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda Hyalomma ke yaɗawa. Na san an fara gane shi a Kirimiya a 1944, an samu ƙwayarsa a Kwango a 1956, sai a 1969 aka tabbatar abu ɗaya ne. Na san an taɓa samun ƙwayar a jikin kaska da dabbobi a Nijeriya, kuma cikin masu kamuwa goma yana iya kashe ɗaya zuwa huɗu. Saboda haka ban ɓoye ba, na gaya wa likita aikin da nake yi da cizon da na samu. Ta saurare ni da kyau, ta keɓe ni, aka ɗebi jini. Kwanakin jiran nan Allah kaɗai ya san yadda na yi su. Sakamako ya nuna ba shi ba ne, aka yi mini maganin abin da aka gano, na tashi. Likita da ma'aikatan jinya da suka tsaya a kaina, Allah ya tsaya muku. Maman Ummi, ke kika kwana a barandar asibiti da goyo a bayanki, kina leƙo ni ta taga kina cewa in ci abinci. Ban da bakin gode miki. Allah ya bar mu tare.

Tun daga lokacin nake roƙon mahauta da makiyaya abu ɗaya duk inda na je, kuma zan maimaita a nan: a daina fasa kaska da farce ko da haƙori, a daina barin yara suna yi. A cire ta da hantsaki daga gindin baki, a jefa a wuta ko a kananzir, a wanke hannu. Wanda zazzaɓi ya kama bayan cizonta ko bayan fiɗa, ya gaya wa likita ƙarara.

Abokan karatuna da muka raba gari da ƙuli a ɗakin bincike, da ɗan acaɓan da ya riƙa kai ni ruga cikin taɓo bai taɓa ƙara mini kuɗi ba, da mai shagon da ya buga kundin ya ce in kawo kuɗin in na samu, duk na gode. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, wanda na ɓata wa rai a cikin shekarun nan shi ma ya yafe.

Malam, gobe in Allah ya kai mu zan dawo maka da littafin. Na sake masa bango, na kuma liƙe shafukan da suka fara fita, don ɗalibin da zai karɓa bayana. Arɗo, alkawarin da na yi yana nan: ranar Asabar ina tafe da abin da na samu a rubuce da Hausa, mu zauna a gindin tsamiyar nan in karanta muku, ku gyara mini inda na kuskure.

Wassalam.