Abin da tsofaffin ɓeraye suka nuna game da sinadarin GDNF

Ɓeran ɗakin bincike ba ya wuce shekara 2 zuwa 3 a duniya, saboda haka wanda ya kai wata 24 ya riga ya tsufa. Idan aka ɗora shi a kan sandar nan mai jujjuyawa da ake auna daidaiton jiki da ita, zai ɗan yi ta maza, ƙafafunsa na baya su fara zamewa, ya faɗo tun ɗan wata 6 bai ko nuna alamar gajiya ba. Idan kuma aka sake shi a buɗaɗɗen akwati, sai ya rage zagaye da miƙewa tsaye, tafiyarsa ta koma ta hawainiya.

Raunin tsoka yana da hannu a ciki, amma wani kaso na matsalar daga tsakiyar ƙwaƙwalwa yake, inda ƙwayoyin jijiya masu samar da dofamin suke, wato sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki. A jikin ɓera tsufa ba ya kashe akasarin waɗannan ƙwayoyi. Suna nan da ransu, aikinsu ne kawai ya yi sanyi. Wannan ne ya sa hankali ya koma kan GDNF, wani furotin mai ciyar da jijiya da aka gano a Amurka a 1993, shekara 7 bayan Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen sun karɓi kyautar Nobel saboda aikinsu a kan irin waɗannan sinadarai masu haɓaka ƙwayoyin halitta. Da aka zuba GDNF kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin ɓeraye, sai zirga-zirgarsu ta ƙaru, dofamin ma ya farfaɗo, kuma daga baya aka ga makamancin haka a tsofaffin birai.

A ganina, a nan ne ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan, domin tayar da ƙwayar da ta yi rauni daban, maye gurbin wadda ta mutu daban, kuma mai cutar Parkinson, wadda ke jawo karkarwa da sanyin motsi, yakan rasa kaso mai yawa na ƙwayoyin dofamin tun kafin alamu su bayyana. Ga kuma wahalar isar da maganin: GDNF ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka sai an huda ƙoƙon kai an saka siririn bututu, sannan ɗigon da zai wadaci ƙwaƙwalwar ɓera, wadda nauyinta bai fi giram 2 ba, ba zai yi nisa ba a ta mutum.

Kamfanin magunguna na Amgen ya dakatar da gwajin GDNF a kan masu cutar Parkinson a 2004. Gwajin birnin Bristol na Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna sauyi a hoton ƙwaƙwalwa, amma motsin waɗanda suka sami maganin bai zarce na waɗanda ba su samu ba yadda za a kafa hujja da shi. Yanzu masu bincike suna gwada aika ƙwayar gadon GDNF cikin wata ƙwayar bairos da aka kashe wa kaifi, domin ƙwaƙwalwar ta riƙa samar da furotin ɗin da kanta.