Kwangilar manhaja tana lalacewa tun kafin a buga tallarta

Aikina kula da sashen kwamfuta a wata hukumar gwamnatin tarayya, don haka duk lokacin da za a sayi manhaja ko saba (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai) sai a jefa ni cikin kwamitin tantance takardun 'yan kwangila. Abin da zaman kwamitin nan ya nuna min shi ne, ana yanke hukuncin kwangilar manhaja ne a kan teburin wanda ya rubuta bayanin abin da ake so a saya, tun jarida ba ta ga talla ba.

Ba raina sauran matakan nake yi ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan sayayyar gwamnati, kuma ta rage ɓarna sosai in aka kwatanta da zamanin da oga zai kira yaronsa ya miƙa masa aiki a falo. Yanzu babban aiki sai an tallata shi a jaridun ƙasa biyu da mujallar kwangilolin gwamnatin tarayya. Mai nema zai kawo rajistar kamfani ta hukumar CAC, shaidar biyan harajin shekara uku, takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar cewa sunansa na cikin rumbun BPP. Mu kuma masu saye, in aikin na fasahar zamani ne, sai mun nemo amincewar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa.

Ranar buɗe takardu tana da nata armashi. Akwatin ƙarfe ne a tsakiyar ɗakin taro, a cire kwaɗo a gaban kowa, wakilan kamfanoni sun jeru da biro a hannu, masu sa ido na gefe. Ambulan biyu kowa ya kawo, ɗaya na bayanin aiki, ɗaya na kuɗi. Wanda ya iso bayan lokaci ya cika, ko cunkoson mota ne ya riƙe shi, ambulansa zai koma da shi a liƙe. Na sha ganin kamfanin da ya fi kowa sanin aikin ya faɗi tun a zagayen farko saboda takardar PenCom ɗinsa ta bara ce. In aka zo ranar karanta farashi kuwa, sakatare na ɗaga murya kana ganin fuskoki na canza launi.

Doka ta ce a ba wanda ya fi sauƙin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. In kujeru ne ko tayar mota, wannan ya wadatar, an kawo, an ƙirga, an biya. Manhaja kuwa kamar doki take, kuɗin sayensa ba shi ne magana ba, dusa da harawar kullum su ne. Ɗan kwangila mai wayo ya san haka. Sai ya karya farashin girkawa ya ci aikin, ya bar lasisin shekara-shekara da kuɗin gyara da kuɗin ƙarin ma'aikaci guda a cikin tsarin, duk sai daga baya su fito. Yawancin lasisin manyan kamfanonin waje da dala ake lissafa su. Da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni na 2023, dalar da ake samu wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, ma'aikatu da yawa suka wayi gari kasafinsu ba zai iya sabunta lasisin abin da suka riga suka saya ba.

Mun ɗanɗana irin wannan da wata manhajar ajiye bayanan ma'aikata. An girka, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Shekarar garanti na cika muka buƙaci fitar da bayananmu zuwa wani tsarin, sai ga shi babbar kalmar sirrin tana hannun kamfanin, kuma suka aiko da takardar kuɗi. Darakta ya kira ni ofis, ya ture tabarau ya ce, "Malam, ba mun biya mutanen nan kuɗinsu cas ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun biya kuɗin amfani da ita ne. Babu inda yarjejeniyar ta ce mabuɗin namu ne."

Ya juya shafukan har ƙarshe bai samu ba. Kamfanin bai karya doka ko ɗaya ba, abin da ba a rubuta ba ne ya ci mu.

To wa ke rubuta bayanin? A nan gizo ke saƙa. Sau da yawa wani kamfani ne ya zo ya yi nuni da majigi a gaban manya, ya bar takarda, sai takardar nan ta rikiɗe ta zama sharuɗɗan kwangila. Alamunta ba sa ɓuya: a ambaci sunan wani samfuri ba tare da an ƙara "ko makamancinsa" ba, ko a nemi wata shaidar ƙwarewa da kamfani ɗaya tak ke da ita a garin. Na taɓa buɗe fayil ɗin da aka turo min daga sama, na leƙa wurin da kwamfuta ke nuna wanda ya ƙirƙire shi, sai ga sunan ɗaya daga cikin masu neman aikin zaune daram. In an yi haka, a buɗe akwati a gaban 'yan jarida ɗari ma, an riga an gama.

Shi ya sa yanzu faɗana a matakin rubutu nake yin sa. Nakan nace kowane mai nema ya rubuta abin da tsarin zai ci a shekara biyar, da naira, ba na ranar girkawa kaɗai ba, kuma a kan wannan jimlar za a gwada masu arha. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan namu ne, za mu iya kwashe su duk ranar da muka ga dama, ballantana yanzu da dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ɗora mana alhakinsu. In don mu aka ƙera manhajar, asalin rubutun da aka gina ta da shi ya zo hannunmu. Biya kuma kashi-kashi: bayan kafin alƙalami, ba a sakin kaso na ƙarshe sai akawun ofishinmu na jiha, inda intanet ke rarrafe kuma wuta ke ɗaukewa tsakar aiki, ya zauna ya shigar da fayil da hannunsa ya ce ta yi. Gwaji a ɗakin taron Abuja mai sanyin na'ura ba gwaji ba ne.

Su ma 'yan kwangilar suna da nasu ƙorafin, kuma gaskiyarsu ne. Mutum ya gama aiki ya yi wata da watanni yana zarya a kan kuɗinsa, ga ruwan banki na hawa, dole gobe ya cusa wannan jiran a cikin farashi. Ƙananan kamfanonin matasanmu na Kano da Kaduna kuwa sharaɗin "ka taɓa yin irin wannan aikin sau uku" da na yawan cinikin shekara ke kayar da su, duk da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 da ya ce a fifita kayan gida. Abin da nake gaya wa masu tambayata a cikinsu shi ne su haɗa gwiwa da kamfanin da ya daɗe, su shiga tare da yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace aikin kowa, su kuma sabunta takardunsu tun farkon shekara, kafin tallace-tallace su fara fitowa.