Shekarar da na jingine babur

Shekara tara na yi ina acaɓa a Kano, daga Kurna zuwa Bata, daga Bata zuwa duk inda fasinja ya nuna. A watan Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin gari. Ranar da dokar ta fara aiki na tura Jincheng ɗina cikin zaure, na rufa masa buhu. Ga mata da 'ya'ya biyu, ga Inna a ɗaki, abin da ke aljihuna kuwa bai kai cefanen mako guda ba.

Makonnin farko a majalisa na ƙarar da su. Wasu abokan sana'a sun tafi Legas, wasu sun koma ƙauye, masu hanya sun karɓi Adaidaita Sahu suna kai balas. Mu da muka rage muka zauna kan benci muna lissafin wanda ya cuce mu.

Inna ce ta tashe ni daga bencin nan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Kai wannan, shekara tara kana fita tun asuba. Ina abin da ka ajiye?" Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na fito zaure na zauna kusa da babur, na rasa amsar da zan ba kaina.

Daren nan na ɗauki wani tsohon littafin rubutun ɗana na fara lissafi. Lokacin litar fetur naira 97 ce. Na cire kuɗin mai, na cire baƙin mai da gyara, na cire cefane. Sai ga shi kullum akwai saura, kuma ba kaɗan ba. To ina yake tafiya? Na bi shi ɗaya bayan ɗaya: shayin da nake saya wa duk wanda na tarar a teburin mai shayi, tsiren dare, gidan kallon ƙwallo, da rancen da nake bayarwa alhali na san ba zai dawo ba. A majalisa sunana "mai hannu a buɗe", ni kuma na ɗauka kyauta ce halina. Da na ga abin a rubuce sai na gane son yabo ne, da kunyar in buɗe baki in ce babu. Matata takan nemi kuɗin sabulu in haɗe rai, amma ban taɓa haɗe wa abokin hira rai ba. Wannan ya fi rashin babur ɗin yi mini ciwo, har yanzu kuma idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Na nemi koyon gyaran Adaidaita Sahu a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa. Mai garejin na girme shi da shekara biyar, a da ma nakan ɗauke shi a babur. Yanzu shi ne Oga. Ni ke share wuri, ni ke wanke sifanu da fetur, ni ake aika sayo filogi. Ranar da wani tsohon abokin acaɓa ya kawo kekensa gyara ya tarar da ni a durƙushe cikin baƙin mai, saura kaɗan in ajiye aikin. Abin da ya riƙe ni kawai shi ne ban san da wane ido zan kalli Inna ba.

A garejin na gano wani ciwon kuma, gaggawa. Acaɓa ta koya mini cewa duk minti ɗaya fasinja ne. Wata rana na matse wani noti da ƙarfin tsiya har ƙarfen ya karye a cikin inji. Oga bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Yaya, kai ka karya, kai za ka fitar." Tun hantsi nake fama har aka kira la'asar. Tun daga ranar, kafin in ɗora sifana sai na fara ɗaura noti da yatsa, in ji ya hau daidai.

Ban gyaru lokaci guda ba. Na shiga adashe da ɗan abin da Oga ke sallamata da shi, kwasata ta faɗo dab da ƙaramar sallah. Cikin kwana uku na cinye ta a shadda da rabon goron sallah, don kada a ce wane ya karye. Na koma gida na faɗa wa matata gaskiya. Ta ce, "Maigida, kai dai kuɗi ba sa kwana a aljihunka. Ka bar su su kwana a wurina." Da farko maganar ta sosa mini rai, amma na san ba ƙarya ta yi ba. Daga nan duk abin da na samo sai in miƙa mata, in fita da kuɗin mota da na abinci kawai. Idan aka roƙe ni a majalisa, babun da zan faɗa ta gaskiya ce, a hankali har bakina ya saba da ita. Majalisar ta ragu a kaina. Mutum biyu ne suka ci gaba da zuwa gaishe da Inna.

Bayan shekara uku Oga ya yaye ni. Na sayar da Jincheng ɗin, na haɗa da abin da matata ta tara, na sayi kayan aiki na kafa rumfa a bakin titi. Yau yara huɗu ke koyo a hannuna. Littafin lissafin kuwa na cika goma sha wani abu, suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Jiya ma bayan isha'i na rubuta na ranar: gyaran birki biyu, canjin baƙin mai uku, da shayin da na saya wa wani baƙo, wanda na san dalilin da ya sa na saya masa.